Riguna Uku a Igiyar Nuala

Duk wanda ya taɓa zama a Layin Tasha, a garinmu Dunmorra, ya san Nuala Feerick, ya kuma san ba a gaishe ta a wuce salin-alin. Ka ce mata, "Misis Feerick, yau dai an samu rana," sai ta ɗaga kai ta dubi sama tukuna, sannan ta dawo da ido kanka tana neman abin da ka zo ci. Ba laifinta ba ne kacokan. Ubanta dillalin shanu ne a kasuwannin yammacin Ireland, kuma gadon da ya bar mata bai wuce magana ɗaya ba: wanda ya yabi saniyarka, ya riga ya hango inda zai karya maka farashi. Da wannan karatun ta girma, da shi ta yi aikin wanki da guga a wani otal na bakin teku har ta zama gwana, wadda in ta goge kwalar riga sai ka ji nauyin sa wuyanka a ciki.

Mutum ɗaya ta taɓa yarda da shi ba tare da ta buɗe bakinsa ta duba haƙora ba, shi ne Malachy Feerick, direban babbar mota, mai zaƙin baki da iya rawa. Ya aure ta, suka samu gidan haya na hukuma a layinmu, ta haifa masa maza biyu. Tana da ciki na uku ya ɗauki kaya zuwa Ingila. Motar ta dawo, amma wani direban ne a ciki. A wancan zamani, shekarun saba'in, dokar ƙasarmu ba ta san wani abu wai shi saki ba. Namiji in ya gaji, jirgin ruwa yake hawa, ya bar mace a tsakiya, ita ba bazawara ba, ita ba mai miji ba.

Wata macen za ta fito ƙofar gida ta yi kuka a taru a ba ta haƙuri. Nuala kuwa, ina! Ita ce za ta ba Attracta Moran abin taunawa? Attracta maƙwabciyarta ce, katangar da ke tsakaninsu ba ta wuce ƙugu ba. Mace ce mai faɗin murya, mai miji a gida da yara cike da ɗaki, kuma babu abin da ke wucewa a layin bai bi ta gaban labulenta ba.

Gidajenmu a jere suke, kowanne da ɗan fili a baya da igiyar shanya, ga gadar jirgin ƙasa a ƙarshen layi, wanda ya tsaya a kanta yana kallon bayan gidan kowa. Litinin ranar wanki ce, igiya kuwa ita ce jaridarmu. Ƙyallayen jariri sun fito, an haihu. Zanin gado ya fito ranar da ba Litinin ba, akwai mara lafiya. Rigar namiji ta ɓace daga igiya, to, sai a fara sassauta murya in matar gidan ta shigo kanti.

Saboda haka Litinin ɗin da ta biyo bayan dawowar motar, Nuala ta ɗauko rigunan da Malachy ya bari, guda uku: fara, shuɗiya, da mai ratsin ja. Ta wanke su, ta sa bula da sitati, ta shanya su a tsakiyar igiya inda ko makaho zai gani.

"Malachy ya shigo ke nan?" in ji Attracta ta kan katanga.

"Ya shigo ya fita. An canza masa hanya, yanzu sai da asuba yake biyowa, ya sauya riga ya wuce."

"Allah sarki, aikin mota ba hutu. Ki gaishe shi."

"Zai ji."

Haka aka fara, haka kuma aka ɗore har jaririyar da ke ciki, Imelda, ta isa shiga makaranta. Yaran maza sun san gaskiya, ludayin katako ya koya musu kama baki. Imelda kuwa abin da aka gaya wa layi shi aka gaya mata: Baba yana zuwa kina barci. Don maganar ta zauna daram, duk safiyar Litinin Nuala takan ajiye alewa ɗaya a bakin tagar ɗakin yarinyar.

To amma riga ba ta cika tukunya. Gwamnati tana ba matan da mazansu suka gudu suka bari da yara ɗan tallafi na mako-mako, in dai an tabbatar mijin ya tafi, ba ya aiko komai, kuma babu wani namiji a gidan. Nuala ta nema a ɓoye, ta samu. Ta roƙi a riƙa biyanta a gidan wayar wani gari, ba namu ba, domin matar da ke zama a gidan wayarmu ƙanwar mijin Attracta ce. Duk Alhamis sai ta hau bas ta ce za ta duba gwaggonta mai ciwon ƙafa. Wannan gwaggo ta daɗe tana fama da ƙafa, baiwar Allah.

Wata Litinin da rana, shanya na kan igiya, wani mutum mai kwat ruwan toka ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce sunansa Mista Hession, mai bincike daga ofishin tallafi. Nuala ta ɗora butar shayi, ya ce ya gode, ba zai sha ba. Nan take gabanta ya faɗi, don a wurinmu wanda ya shigo gidanka ya ƙi shayi, ba alheri ne ya kawo shi ba. Ya leƙa bayan ƙofa inda ake rataye kwat, ya leƙa banɗaki yana neman reza, ya tsaya yana ƙirga matasan kai a kan gadonta, da ido, ko kunya babu.

"Misis Feerick, akwai namijin da ke kwana a gidan nan?"

"Akwai har biyu. Babban yana aji biyar, ƙaramin yana aji uku."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya a kicin yana kallon waje ta taga, inda riguna uku ke kaɗawa. Ya jira ta ce wani abu. Magana ɗaya za ta raba gardama, ita ma ta sani. Amma tagar a buɗe take, ga Attracta can a bakin katanga da maƙalan shanya a baki, ta kasa kunne kamar zomo. Nuala ta haɗiye maganarta, ta ce masa ya kula da dakalin ƙofa, yana da santsi.

Ba a jima ba takarda ta zo. An tsayar da tallafi, wai an samu bayani daga wanda ya san gidan cewa namiji yana zuwa. Ba su faɗi suna ba.

Wanda ya san gidan! Wannan kalma ta hana Nuala sakat. Ta ɗauki mutanen layi ɗaya bayan ɗaya tana jujjuyawa. Mai kawo madara, shi ke fara ganin ƙofarta kullum. Mai kanti, tun yaushe yake tambayarta wace taba Malachy yake sha yanzu? Fada, limamin cocinmu, shi kansa bai tsira ba, don ranar Lahadi da yake wa'azi a kan gaskiya, ta lura ɓangarenta ya fi kallo. Amma duk inda ta zagaya, kan Attracta take dawowa. Ruwa ba ya tsami banza. Ta daina amsa gaisuwar kowa. Wata safiya ta tarar da buhun gawayi a ƙofarta ta baya, babu wanda ya ce shi ya ajiye. Ta ja shi da ƙyar, ta jefa ta kan katanga cikin kabejin Attracta, ta ce da ƙarfi, "Wanda ya yi ɓarna shi ke kawo toshiya!" Ranar kuwa yaranta da kwat suka ci abinci saboda sanyi.

Ta ɗaukaka ƙara a cikin ofishin kamar yadda aka ce ana yi. Wani babba a Dublin ya karanta abin da Hession ya rubuta, bai kira ta ba, bai tambaye ta komai ba, ya ce hukunci yana nan yadda yake. Dankali ya koma abincin safe da na yamma. Haya ta taru. Sai ga nas ɗin hukuma ta zo duba yara, ta tattaɓa haƙarƙarin Imelda, ta ce cikin lallashi, "Sistocin coci suna da wuri a gidansu na renon yara, Misis Feerick. Na ɗan lokaci ne kawai, kafin ki farfaɗo." Nuala ta san irin wannan ɗan lokacin. Ta ga matan da aka gaya wa haka, ta kuma ga ranar da 'ya'yansu suka dawo da gemu suna kiransu Misis. A karon farko a rayuwarta tsoro ya fi ƙarfin girman kanta.

A garin da take karɓar kuɗi akwai wata matashiyar lauya, Mis Lavelle, da ke zama a zauren coci ranar Asabar tana sauraron talakawa kyauta. Nuala ta zauna a gabanta da jaka a ƙanƙame a ƙirji.

"Kyauta? To ke me za ki samu?"

"Ciwon kai, Misis Feerick. Ki gaya min komai."

Ta gaya mata rabi. Mis Lavelle ta bayyana mata cewa babbar kotu ba za ta ce a ba ta kuɗi ba. Abin da za ta duba shi ne ko ofishin ya bi hanya: sun faɗa mata abin da aka ce a kanta? Sun ji ta bakinta kafin su yanke? In ba su yi ba, alƙali zai iya rushe hukuncin ya ce a sake. Sannan ta ce, "Amma za su kawo maganar riguna. Na wa ne?"

Nuala ta faɗa, da murya ƙasa-ƙasa, abin da ba ta taɓa faɗa wa ko Fada a ɗakin furta zunubi ba.

"Dole a faɗi wannan a gaban alƙali," in ji lauyar, "kuma jaridar yankinmu takan tura mutum. Ina kuma bukatar maƙwabci ɗaya da zai rantse babu namiji a gidanki."

"Ba ni da maƙwabci. Macizai gare ni."

"To ki zaɓa. Ko asirinki, ko yaranki."

Nuala ta tashi ba sallama. Ta kai bakin ƙofa, ta juyo ta ce, "Ki shigar da ƙarar. Amma kada ki taka layinmu."

Ranar shari'a ta sa kwat ɗinta na zuwa coci ta hau jirgin safe. Ko zama ba ta gama yi ba, sai ga Attracta Moran ta shigo da hula mai gashin tsuntsu, da gorar shayi, da burodi a naɗe cikin takarda, ta zauna daidai gabanta.

"Ina zuwa haka, Misis Moran?" Rabon Nuala da ta kira ta Misis tun zuwanta layin.

"Dublin, Misis Feerick. Ko an sayar miki da jirgin ne?"

"Nawa suka biya ki?"

"Ko kuɗin jirgi ba su ba ni ba, matsiyata. Ga burodi da naman alade, ki ci, fuskarki kamar an wanke ta da bula."

Nuala ta juya fuska wajen taga har Dublin. Yanzu ta tabbata: an kawo Attracta ta ƙarasa abin da ta fara.

A kotu alƙali ya ba da umarni Hession ya fito ya amsa tambaya da bakinsa. Mis Lavelle ta miƙe.

"Mista Hession, ka ce wanda ya san gidan ne ya ba ka bayani. Wane ne?"

Nuala ta waiwaya ta kafe Attracta da ido, tana so ta ga fuskarta lokacin da za a kira sunanta.

Hession ya gyara murya. Ya ce babu wanda ya kawo ƙara. Zagayen aiki ne ya biyo da shi, ya tsaya a kan gada ya hango rigunan namiji a gidan da aka ce babu namiji. Yana tsaye sai ga wata yarinya ta taso daga makaranta za ta cin abincin rana. Ya nuna mata igiyar ya tambaye ta ko ta san na wa ne. Ta ce, "Na babana ne. Yana zuwa duk Litinin ina barci, yana ajiye min alewa."

Alƙali ya cire tabarau. "Shekarunta nawa?"

"Biyar ko shida, ya mai shari'a."

"Ka gaya wa uwar abin da yarinyar ta ce?"

"A'a, ya mai shari'a."

Nuala ta ɗauke ido daga kan Attracta. Ta zargi mai madara, ta zargi Fada, ta jefa gawayi cikin kabejin mutane, ashe alewar da ta ajiye da hannunta ce ta kai ta ƙara. Ba ta gama farfaɗowa ba ta ji lauyarta ta kira Misis Attracta Moran. Wato Mis Lavelle ta taka layin ke nan, a bayan idonta.

Attracta ta rantse, ta gyara hula. Aka tambaye ta ko Malachy Feerick yana zuwa gidan.

"Malachy? Rabon layinmu da shi tun kafin a haifi yarinyar nan. Kowa ya sani, ya mai shari'a, tun watan farko."

"Ta yaya kuka sani?"

"Haba, direban babbar mota fa! Ni mijina a tashar jirgi yake aiki, na san dattin namiji. Ruwan da Nuala ke zubarwa bayan ta wanke rigunan nan, za ka iya dafa shayi da shi. Kwala ba ta ci ba, gwiwar hannu ba ta huje ba, sai wurin da maƙali ke kamawa ne ya koɗe. Kuma a ce babbar mota ta shigo layinmu da asuba ban ji ba? Ni da ko mage ta taka rufi sai na farka? Gwaggo mai ciwon ƙafa kuwa, direban bas ɗin ɗan yayata ne."

Aka yi dariya a kotu. Lauyan gwamnati ya miƙe ya tambaye ta, in sun sani, me ya sa suka yi ta cewa a gaishe shi?

Attracta ta dube shi sama da ƙasa. "To me za mu ce mata, ɗana? Mace ta rasa miji, mu kuma mu ƙwace mata rigar?"

Alƙali ya ce ba aikinsa ba ne ya ƙirga riguna, ko ya ce da namiji ko babu. Abin da ya gani shi ne an yanke wa mace abincin 'ya'yanta a kan maganar da ba a gaya mata ba, ba a kuma ji ta bakinta ba. Ya rushe hukuncin, ya ce a mayar wa ofishin su sake dubawa daga farko, da wani mai binciken daban.

Kada ku zaci Nuala ta rungume Attracta. Kunya ce ta cika ta, mai zafi, wadda ta fi ta talauci ciwo. Duk wani "ki gaishe shi" da aka taɓa ce mata ya dawo mata ɗaya bayan ɗaya, ta gane tausayi ne aka yi ta ba ta a naɗe, ita kuwa tana taƙama ta rufe ido ga gari guda. Sai da jirgi ya wuce rabin hanya ta buɗe baki.

"Kin sani, kika bar ni ina wanki cikin sanyi duk shekarun nan?"

"Ai suna fita fes. Babu mai farar riga irin ta Malachy a duk Dunmorra."

Nuala ta miƙa hannu ta ɗauki burodin da ta ƙi da safe, ta buɗe shi ta duba cikinsa tukuna, sannan ta ci.

Mis Lavelle ta ja mata kunne kafin su rabu: sabon mai binciken zai iya zuwa kowace rana ba sanarwa, kada rigar namiji ta sake hawa igiyar nan. Nuala ta naɗe su ta tura ƙarƙashin gado. Jarida ta buga labarin, layi kuwa ya yi kamar bai iya karatu ba. Mutum ɗaya ya rage wanda bai sani ba. Kullum Nuala takan ce gobe za ta gaya wa Imelda, gobe kuma ta ƙi zuwa.

Litinin ta zagayo. Ba a ajiye alewa ba. Nuala ta fito da kwandon wanki da safe, sai ta tsaya cak. Riguna uku na kan igiya, busassu, a karkace, a can gefen da igiyar ta fi yin ƙasa. Imelda na tsaye a kan bokitin da ta kifa, cikin kayan makaranta, tana fama da maƙali na ƙarshe. A kan gada kuwa wani mutum ne tsaye da hula, yana kallon bayan gidaje. Ko mai binciken ne, ko mai jiran jirgi, har yau babu wanda ya sani.

Kafin Nuala ta motsa, Attracta ta fito da gudu ta watsa babban zanin gadonta a tata igiyar, jiƙe sharkaf, ya tare gadar gaba ɗaya. Ta koma ciki ta rufe taga, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sauko da su, Imelda."

"Mama, kin manta ne. Shi ya sa bai zo ba yau. In bai ga rigunansa ba, ta yaya zai gane gidan?"

Nuala ta ajiye kwandon. Ta cire farar, ta cire shuɗiyar, ta cire mai ratsin ja. Ta durƙusa a kan ciyawa mai sanyi har fuskarsu ta zo daidai.

"Babanki ba ya zuwa, Imelda. Bai taɓa zuwa ba, bai taɓa ganinki ba. Ni ce nake ajiye alewar."

Ta zaci yarinyar za ta fashe da kuka, ta ma buɗe hannu. Imelda ba ta yi kuka ba. Ta sauko daga kan bokitin, ta ja da baya kaɗan, ta dubi rigunan, sannan ta dawo da ido kan uwarta a hankali, tana neman inda aka ɓoye sauran maganar. Nuala ta san wannan kallon. Nata ne.

An mayar mata da tallafinta kafin Kirsimeti, nas ba ta sake maganar sistoci ba, yaran uku duk a gabanta suka girma. Rigunan ta yanka su ta yi tsumman goge tukunya. Ta tsufa a gida ɗaya, katanga ɗaya da Attracta, kuma har ta mutu tana cewa zanin gadon nan na Attracta sabo ne, don a gani aka shanya shi.

Imelda ce ta yi jinyarta a ƙarshe, ba ta gaza mata da komai ba. Amma tun daga waccan Litinin, in uwar ta ce mata, "Ɗauki lema, ana ruwa," sai ta je taga ta duba tukuna.